Panda a Bango, Zalɓe a Gulbi

Da magariba Alhaji Nomau ke miƙo mini makullai,
ya ce, "Barmo, ga shago, ga Allah."
Babura goma sha bakwai cikin kwali,
kujera mai ƙafa uku da rabi,
da almanakar da kwanakinta suka ƙare tun shekara uku,
an ƙi sauke ta
saboda wanda ke zaune a cikinta.

Panda, in ji jikata Kuluwa,
mushe ya faɗa musu a lakwal.
Ɗan ƙasar Sin ne, inda baburan suka fito.
Ya baje kamar attajiri bayan tuwo,
ƙafafu a miƙe, tumbi a gaba,
ya rungume gora yana ɓara kamar rake.
Mu da gora muke kaɗo mangwaro,
shi ita ce kalacinsa.
Baƙi ya zagaye masa idanu
kamar wanda ya kwana arba'in bai runtsa ba.
Na haska shi da cocila, na ce,
"Malam, wannan baƙin nawa ne, aro ka yi."

Bayan shago ƙasa ta gangara gulbi.
Ruwan damina ya wuce, ya bar kududdufi ajiya.
Can ɗayan yake zuwa,
shi ma sai jemagu sun fito.
Kwak! Sau ɗaya, daga sama.
Sallamarsa ke nan, ba ya ƙarawa.
Ya dira bakin laka,
ya cusa wuya cikin kafaɗu kamar mai jin kunyar suruki.
Hula baƙa, fukafukai ruwan toka, ƙirji fari,
zare biyu na reto a ƙeya,
ido ja kamar garwashin mai shayi.
Zalɓen dare.

Sai ya yi sa'a guda bai ɗaga ƙafa ba.
Sauro ya cije ni, na mari kaina,
shi ko gezau.
Can sai caf! Wani kwaɗo ya bar waƙa a tsakiya.
Wani daren ko wannan babu,
ya tashi ciki wayam, bai kai ƙara gun kowa ba.

Tela ɗaya ya ɗinka musu baƙi da fari.
Amma wancan, an ce, har likitansa gare shi,
in ya haihu a faɗa a rediyo,
jirgin sama ke kai shi baƙunta.
Wannan kuwa yaran Bagalam ke nema da ɗanko
cikin duhun ganyen da yake kwana da rana.
Na daɗe ina ƙullatar na bango saboda haka.

Sai ran nan Kuluwa ta kawo mini tuwo,
ta tsaya tana kallonsa.
Ta ce, "Kaka, ba su da yawa fa.
Kuma gora ba ta riƙe ciki,
shi ya sa yake wuni yana taunawa."
Na yi shiru.
Na san fura mai ruwa da yawa,
na san shekarar da muka sha ta sau huɗu a yini
muka kwana da yunwa.
Ashe abin da na ɗauka sarauta
aiki ne, a zaune kawai ake yin sa.

Tun ranar na daina haska masa ido.

An kira assalatu daga Mokoyo.
Zalɓe ya girgije, ya bi ta kan rufin kwano,
bai dube ni ba, ban riƙe shi da komai ba,
abokin aiki ba sai ya yi ban kwana ba.
Alhaji ya zo ya ƙirga: goma sha bakwai.
Na naɗe tabarma, na karkaɗe hula.
Na bango yana nan inda na same shi,
shekara uku,
bai gama da gora ɗaya ba.